Fom ɗin Malama da Hatimin da Bai Iso Ba

Masinja na yi har na ajiye aiki. Karatuna firamare ne, daga nan ban ƙara ba. Abin da na iya shi ne ɗaukar takarda daga wannan tebur zuwa wancan, kuma duk shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa miƙa wa mutum takarda na juya baya ba sai ya sa mini hannu a littafin aike. Littafi ne mai baƙin bango, kowane shafi an raba shi gida huɗu: rana, abin da aka kawo, wanda aka kawo wa, da wurin sa hannu. Tsohon da ya koya mini aikin a Legas ya ce takardar da ba a sa mata hannu ba, ba ta iso ba, ko da kana ganinta a kan teburin mutum. Ina jin na riƙe maganar nan fiye da yadda shi kansa ya riƙe ta.

Da gwamnati ta fara tasowa daga Legas zuwa Abuja, ni aka ɗora a bayan babbar motar da ta ɗauko fayilolin ofishinmu. Damina ce. Kusa da Lokoja tamfol ya yage, ruwa ya shiga ɗauri biyu. Kwana uku na yi a sabon ofis ina shanya takardu a ƙasa, ina ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya da bakin rula. Wasu sun rayu. Wasu tawada ta gudu, sunan mai takarda ya zama shuɗin tabo. Na riƙa tunanin mutanen da ke can garuruwansu suna jiran amsa, ba su san sunansu ya narke a hanya ba. Tun daga lokacin, in na ga takarda a ajiye kusa da taga sai in je in ɗauke ta.

Muka kama ɗaki biyu a Dutse Alhaji, ni da maiɗakina. 'Yarmu ta fari ba ta zauna da mu ba, don ta samu koyarwa a wata firamare can wajen Paikon Kore. Ban taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce, haka aka raine mu. Tana ƙarama ina ce mata yarinya. Da ta fara koyarwa na koma ce mata Malama, da farko da wasa, har ya bi ta.

Malama ta shiga jami'a, irin karatun masu aiki, wanda suke kira fat-tayim. Litinin zuwa Juma'a tana gaban allo, Juma'a da yamma da wunin Asabar tana Gwagwalada tana ɗaukar lacca. Shekarar farko keken ɗinkin da uwarta ta ba ta ta sayar ta yi rajista. Shekara ta biyu ta ƙarato, babu sauran abin sayarwa. Wata Lahadi ta zo gida da fom na neman tallafin karatu daga gwamnati, ta ce in an samu ta ci gaba, in ba a samu ba ta ɗan ajiye karatun zuwa baɗi. Ta faɗa a hankali tana tsince shinkafa, kamar ba komai ba. Ni kuwa na san wannan baɗin. Da na gama firamare mahaifina ya ce in taya shi noma shekara ɗaya, baɗi sai in wuce. Har ya rasu baɗin bai zo ba.

Na hana ta taɓa fom ɗin da biro. Na kai aka yi masa hoto, muka cika kwafin da fensir, muka goge, muka sake cikawa, sannan na yarda ta kwafe a na ainihi, ina tsaye a kanta. Na ɗauki hutun kwana biyu na je har ƙaramar hukumarmu a Katsina na karɓo takardar shaidar asali. Hoton fasfo sau biyu aka ɗauka, don a na farko ɗankwalinta ya rufe gefen goshi kuma na ji tsoron a ce ba ita ba ce.

Akwai wani gida a fom ɗin inda ake tambaya ko ɗalibi karatu kaɗai yake yi, ko yana haɗawa da aiki. Wani abokin aikina ya ba ni shawara a zaɓi na farko. Ya ce masu fat-tayim ƙarƙashin tari ake tura su, wa zai bi diddigi? Na kwana biyu maganar tana cina. Ban so a yi ƙarya ba, ban kuma so a tura 'yata ƙarƙashin tari ba. Da na gaya mata, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baba, wasiƙar hedimasta tana manne a baya, tana cewa kwana biyar nake koyarwa. Wa za mu yaudara?"

Ta sa alama a gidan gaskiya. Na ji sanyi, na kuma ji tsoro. Na ce a raina tunda takardarta tana cikin marasa ƙarfi, dole in samu shaidar cewa ta shiga, kada wata rana a ce ba a gan ta ba. Malama ta liƙe ambulan ta miƙa mini, ta ce ba za ta iya barin yara a aji ba, kuma ni ne na san ofis. Saura mako uku a rufe karɓa, ranar wata Litinin za a rufe.

Ofishin tallafin bai gama tasowa ba, rabinsa yana Abuja rabi yana Legas. Ɗaki ɗaya ne a ƙasan bene, kujeru a kife kan juna, kabad har yanzu da igiyar da aka ɗaure shi da ita a mota. Akawu ɗaya na tarar, wata mata mai tabarau, 'yar kudu, wadda ta yi ƙuruciyarta a Sabon Garin Zariya, tana Hausa da sauri, tana mai da mace namiji ba ta damu ba. Madam kowa ke ce mata. Ta buɗe ambulan ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ta ce yarinyata ya cika komai daidai, in jefa a kwali.

Na duba kwalin. Kwalin sabulu ne, a ƙasa, ƙarƙashin tagar da gilashinta ɗaya ya fita. Fom sun kai rabinsa. Na tambaya ina za a buga hatimin karɓa. Ta ce hatimi yana Legas, rajistar ma tana Legas, kuma ogansu ya hana ta sa hannu a madadin ofis sai hatimi ya iso. Yaushe zai iso? Ta ce mako mai zuwa, in mota ta zo. Na yi godiya, na mai da ambulan cikin leda, na sa a cikin riga, na fita. Ta bi ni da kallo ta saman tabarau.

A hanyar gida na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, mai shafi arba'in. Littafin aike na gwamnati ne, ba zan shigar da takardar gidana a ciki ba. Na ɗauki rula na raba shafin farko gida huɗu, na rubuta abin da aka kawo da inda aka kawo, na bar rana da wurin sa hannu.

Daga nan kullum bayan azahar sai in leƙa. Madam ta fara gane takuna tun daga baranda. Kafin in yi sallama sai ta ce, "Baba Masinja, bai zo ba." Wata rana ta ce da ni ne aka ba hatimin a Legas da tuni ya iso a ƙafa. Wata rana hadari ya haɗu, na roƙe ta ta bar ni in ja kwalin daga ƙarƙashin taga, ta ce in ja, tunda na fi masu takardun damuwa da su. Na ja shi kusa da teburinta, na ɗora shi kan kujera. Ta ba ni gyaɗa a takarda. A nan ta gaya mini yaranta uku suna Legas wajen ƙanwarta, don ba ta samu gida a Abuja ba tukuna, kuma ƙaramin bai yarda ya yi mata magana ba ranar da za ta taho. Ta ce kowa a ginin nan rabinsa yana wani wuri. Sannan ta nuna kwalin da haɓa, ta ce in jefa mana. Na ce gobe.

Malama ba ta zo gida ba a makonnin nan, jarrabawar yaranta ta tsare ta. Maiɗakina kuwa tana ganin ledar kullum in na cire riga. Wani dare ta ce, Malam, kai ko kaza aka ba ka ka sayar sai ka ce mai saye ya sa hannu. Ta ce takardar nan ba tawa ba ce, in kai ta in huta. Na ce mata na yanke: in Juma'ar ƙarshe ta yi hatimi bai zo ba, zan jefa a kwali da hannuna, tunda sai Litinin za a rufe.

Ranar Alhamis aka aike ni Bwari da wasiƙa, ban dawo ba sai da aka tashi aiki. Ran nan kaɗai ban leƙa ba.

Juma'a da safe na shiga, kujerar tana nan, babu kwali. Madam ba ta yi mini wasan da ta saba ba. Ta ce mota ta zo jiya da rana, ba ta kawo hatimi ba, saƙo ta kawo: tunda kwamitin da ke zaɓe bai taso ba, a tura duk fom Legas, kuma wanda ya rage sai mai shi ya kai can kafin a tashi ranar Litinin. Ta ce ta aika a neme ni har bene na uku, aka ce na fita. Na zauna a kujerar da kwalin ya tashi ba tare da an ce in zauna ba. Ina jin ledar tana manne da ƙirjina.

Ta bar ni na ɗan dawo hayyacina, sannan ta ce ita jibi Lahadi da safe za ta Legas ganin yara, Litinin kuma za ta shiga tsohon ofis. In na ba ta, za ta sa a jakarta ta kai. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ban ba ta ba. Na dubi jakar hannunta a kan tebur, zif ɗinta ya lalace an kama shi da fil. Na ce takardar ba tawa ba ce, sai na tambayi mai ita. Gaskiya ce, amma ba ita ce ta hana ni ba. Madam ta cire tabarau ta goge, ta gaya mini tashar da za ta hau mota da lokacin, ta ce ba za ta jira ba.

Asabar na hau mota zuwa Gwagwalada. Ban taɓa zuwa inda take karatu ba. Na yi ta tambaya har aka nuna mini wani dogon ɗaki. Na tsaya ƙarƙashin bishiyar mangwaro ina hango ciki ta taga. Manya ne duka, wasu da furfura, wata da goyo, wani da kakin aikinsa bai ma cire ba. Na hango Malama a layi na biyu ta duƙufa tana rubutu, ta karkatar da kai gefe ɗaya yadda take yi tun tana aji ɗaya. Na tsaya fiye da awa guda. Sau biyu na yi niyyar komawa tasha.

Da suka fito hutu ta gan ni, fuskarta ta canja, ta zaci wani abu ya sami uwarta. Na ce kowa lafiya. Muka zauna kan wani benci. Na gaya mata komai tun daga kwalin sabulu, ban rage ba, har da tayin Madam da yadda na ƙi. Na ce na yi tunanin in tafi Legas da kaina, amma ogana ya yi tafiya, babu mai ba ni izini, kuma ban taɓa barin bakin aiki ba izini ba. Ina magana ina kallon takalmina.

Ina jiran ta tambaye ni don me. Sai ta ce, "Yana ina yanzu?"

Na ciro ledar daga cikin riga. Ta buɗe ta zaro ambulan, ta juya shi gaba da baya. Mako uku a jikina, ko lanƙwasa bai yi ba, sai ɗumi. Ta sa shi a kumatunta. Ta yi wata 'yar dariya, idonta ya ciko.

"Baba, ka ci abinci yau?"

Na ce ba wannan ne ya kawo ni ba. Ta tashi ta sayo mini ƙosai da kunu, ta tsaya sai da na ci. Sannan ta ce ba zan je Legas in jefa aikina cikin haɗari ba. Ta ce matar da ta aika a neme ni har bene na uku ba za ta yar da takarda a hanya ba. Gobe za mu je tasha tare. Aka kaɗa musu ƙararrawa, ta miƙo mini ambulan ɗin in ci gaba da riƙewa. Na yi mamakin da ta sake ba ni.

Lahadi muna tasha tun kafin motar ta fara lodi. Madam ta iso da buhun doya da jakar nan mai fil. Malama ta durƙusa ta gaishe ta. Madam ta ɗago ta, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ashe wannan ne yarinyar da ya hana Baba barci. Ta buɗe jaka, ta fito da wata rigar yaro sabuwa, ta ce a cikinta za ta naɗe ambulan ɗin, in ya ɓata to rigar autanta ma ta ɓata.

Na miƙa mata. Hannuna ya shiga aljihu da kansa ya fito da littafin nan mai shafi arba'in, har na buɗe shafin farko kafin in lura. Madam ta gani. Ba ta yi dariya ba. Ta laluba jaka ta ciro biro.

"Kawo in sa maka, Baba. Ba na ofis ba, nawa na kaina. Don ka samu ka yi barci."

Na dubi biron, na dubi buhun doyar da za ta ja har Legas, da rigar yaron. Matar nan ba aikinta ba ne, ba wanda ya aike ta, ni kuma ina tsaye a gabanta da littafi kamar wadda nake tuhuma. Kunya ta rufe ni. Na rufe littafin.

"A'a, Madam. Allah ya kai ki lafiya. Ki gaishe da yaran."

Ta mai da biro. Motar ta tashi muna tsaye. Ina jin wurin da ledar ta saba zama a ƙirjina ya yi sanyi. Malama ta zare littafin daga hannuna, ta ce dama na laccarta ya cika.

Ba zan ce na samu kwanciyar hankali ba. Madam ta dawo bayan kwana huɗu, ta ce ta saka da hannunta, a saman tari. Na yi godiya. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake tambaya ba, na kuma cika, amma sau nawa na bi ta barandar nan ba tare da an aike ni can ba, Allah kaɗai ya sani. In ta hango ni sai ta ɗaga hannu, in ɗaga, in wuce. Na yi ta hango ambulan ɗin ya zame bayan kabad, ko ruwa ya same shi, ko wani ya ga alamar fat-tayim ya tura shi gefe. Damina ta wuce, aka yi girbi. Lokacin rajista ya matso, Malama ta daina zancen jami'a in ta zo gida, ni kuma na daina iya haɗa ido da ita.

Wata Talata ina jera fayiloli sai ga Madam a ƙofar ofishinmu tana haki, ta hawo bene uku. Ta ce in zo. An manna sunaye a allon sanarwa, shafuka da yawa, mutane sun yi cincirindo. Ta ja ni gefe zuwa wata 'yar takarda ita kaɗai a can ƙasa, rabin shafi, ta masu haɗa karatu da aiki. Sai da na durƙusa. Na bi da yatsa daga sama. A layi na shida na tsaya: sunanta, da nawa a bayansa, an buga da tafireta, harafi ɗaya ya ɗan hau sama.

"Karanta mana mu ji," in ji Madam.

Na buɗe baki. Ban taɓa faɗin sunan nan ba tun ranar da liman ya raɗa shi. Na ce, "Ita ce." Madam ta tsaya tana jira, sannan ta tuna al'adar Hausawa da ta sani a Zariya, ta ce au, 'yar fari ne, ta dafa kafaɗata. A kusurwar takardar akwai hatimi, shuɗi, sabon bugu. Ashe ya iso.

Na nemi izini a rubuce, aka ba ni, na hau motar Gwagwalada, daga can na hau ta Paikon Kore. Na same ta tana koya wa 'yan aji uku lissafi. Ban shiga ba, na tsaya a bakin taga har ta juyo. Na gyaɗa mata kai. Ta ajiye alli a hankali, ta ce wa yaran su buɗe shafi na gaba. Mako biyu bayan haka ta yi rajistar shekara ta biyu.

Littafin mai shafi arba'in ya dawo hannuna bayan ta gama jami'a, cike da rubutunta har bangon baya. Shafin farko kaɗai ta tsallake. Yana cikin akwatina, a leda. Kwanakin baya ta zo tana taya uwarta gyaran ɗaki ta ci karo da shi. Ta buɗe, ta ga gida huɗun da na ja da rula, ta ga biyu babu komai. Ta ɗauki biro ta ce bari ta sa mini hannu, ai saƙo ya iso. Na ce ta bar shi haka, ta mai da shi cikin ledar, kuma kada ta ajiye akwatin kusa da taga.